Sonja Henie: Yarinyar da ta zo ta ƙarshe a Olamfik, ta dawo ta riƙe kambun duniya shekara 10

A farkon shekarar 1924, mata takwas suka fito takara a wasan zamiya a kan ƙanƙara a garin Chamonix na ƙasar Faransa, inda aka yi gasar Olamfik ta lokacin hunturu ta farko a tarihi. Ƙaramar cikinsu 'yar shekara 11 ce daga ƙasar Norway. Tana tsakiyar wasa sai ta riƙa sulalewa zuwa bakin fili tana tambayar mai horas da ita abin da za ta yi a gaba. Da alƙalai suka tara maki, ita ce ta takwas.

Sunan yarinyar Sonja Henie, ana furta shi Sonya Heni. Bayan shekara uku ta zama gwarzuwar duniya, kuma babu wadda ta karɓe kambun daga hannunta har ta ajiye shi da kanta a 1936. Ta ci zinare uku a jere a Olamfik, ta ci gasar duniya sau 10 a jere, ta ci ta nahiyar Turai sau shida. Har yau babu macen da ta kamo wannan tarihi a rukunin masu wasa su kaɗai.

Duk da haka, akwai shekarun da mutanen ƙasarta suka juya mata baya. Dalilin bai shafi ƙanƙara ba. Ya shafi mutanen da ta yi hulɗa da su, da kuma abin da ta yi a lokacin da ƙasarta ke cikin uƙuba ita kuwa tana ƙasar waje cikin daula.

Wane irin wasa ne?

Matashin da ya tashi a Bune, cikin gundumar Gure a jihar Damagaram, ko a Kano ko Maraɗi, ƙanƙarar da ya sani ita ce ta sanyaya ruwa lokacin azumi, sai kuma wadda kan faɗo tare da ruwan sama a wata damina. A Norway kuwa, idan hunturu ya kankama, tafkuna kan daskare har mutane su yi tafiya a kansu, yara kuma su mayar da su filin wasa.

Ana yin wasan ne da takalmi mai tsawon wuya wanda aka ɗaura wa siririn ƙarfe a tafinsa. Kaurin ƙarfen bai wuce 'yan milimita ba, kuma yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. A kan waɗannan kaifi ne ɗan wasa ke gudu, ya juya, ya yi tsalle ya wulwula a iska, ya dira da ƙafa ɗaya.

A zamanin Sonja gasar kashi biyu ce. Na farko shi ne zanen dole: 'yar wasa za ta tsaya a ƙafa ɗaya ta zana da'irori masu kama da lamba 8 a kan ƙanƙara, ta sake bin sawun da ta yi ba tare da ta kauce ba, sannan alƙalai su zo su duƙa su duba zanen. Wannan kashi shi ke da maki 60 cikin 100. Na biyu shi ne wasan zaɓi, inda take nuna tsalle da juyi tare da kiɗa. Sai a 1990 aka soke zanen dole daga manyan gasa. Yawancin gasar kuma a fili ake yin ta a wancan lokaci, iska da dusar ƙanƙara da rana duk suna iya ɓata wa mutum lissafi.

Mata ba su daɗe da samun gurbi ba. A 1902 wata 'yar Ingila, Madge Syers, ta shiga gasar duniya ta maza saboda babu dokar da ta hana, ta zo ta biyu. Daga 1906 aka ware wa mata tasu gasar.

'Yar gidan mai hali

An haifi Sonja ranar 8 ga Afrilu, 1912, a birnin Kristiania, wanda aka sauya wa suna zuwa Oslo a 1925. Mahaifinta Wilhelm Henie attajiri ne mai sayar da tufafin gashin dabbobi, kuma shi ma tsohon ɗan wasa ne, don ya ci gasar duniya ta tseren keke a 1894. Mahaifiyarta Selma ita ma daga gidan masu dukiya ta fito. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tun suna ƙanana aka saka Sonja da yayanta Leif cikin wasanni iri-iri. Ta iya ninƙaya da hawan doki, ta kuma yi fice a wasan tanis.

Da mahaifin ya ga inda baiwarta ta fi ƙarfi, sai ya zuba kuɗi. Aka cire ta daga makaranta aka ɗauko malaman da ke koya mata karatu a gida, domin ta samu lokacin atisaye a filin Frogner da ke Oslo. Aka nemo mata ƙwararrun masu horaswa a ciki da wajen ƙasa, ciki har da shahararriyar 'yar rawar bale ta Rasha, Tamara Karsavina. Ita kanta Sonja tun tana ƙarama take sha'awar wata gwanar rawar ta Rasha, Anna Pavlova, kuma burinta shi ne ta kai irin wannan rawa kan ƙanƙara.

Daga baya iyayen suka bar wa Leif harkar kasuwanci, suka koma bin 'yarsu gari-gari, su ne masu kula da kuɗinta da tafiye-tafiyenta. Kaɗan ne daga cikin abokan karawarta ke da irin wannan gata.

Kambun farko da ce-ce-ku-ce

Bayan ta zo ta ƙarshe a Chamonix, Sonja ta zo ta biyar a gasar duniya ta 1925, ta zo ta biyu a ta 1926. Wadda ke gabanta ita ce Herma Szabo 'yar Ostiriya, mai zinaren Olamfik na 1924, wadda ta riƙe kambun duniya sau biyar a jere daga 1922.

A 1927 aka kawo gasar duniya ta mata Oslo, garin su Sonja. Alƙalai biyar ne, uku daga cikinsu 'yan Norway. Ukun nan suka ba Sonja matsayi na ɗaya, Bajamushe da ɗan Ostiriya suka ba Szabo. Da haka yarinya 'yar shekara 14 ta zama gwarzuwar duniya da ƙuri'a uku da biyu.

A shekarar Szabo ta bar gasa. Surutun da ya biyo baya ya sa hukumar wasan ta duniya ta kafa dokar da ta hana ƙasa ɗaya samun alƙali fiye da ɗaya a rukuni guda. Wato nasarar farko ta Sonja ta zo da tabo, kuma ya rage mata ta nuna cewa ba alfarmar gida ce ta ɗora ta ba.

Ba a daɗe ba ta nuna. A watan Fabrairun 1928, a St. Moritz ta ƙasar Suwizalan, gaban alƙalai daga ƙasashe daban-daban, ta ci zinaren Olamfik tana da shekara 15. Sai bayan shekara 70, a 1998, Tara Lipinski ta Amurka ta ci wannan zinare da ƙarancin shekaru fiye da nata.

Shekaru 10 a sama

Daga nan gasar duniya ta koma tamkar gadonta. Ta ci a Landan a 1928, Budapest a 1929, New York a 1930, Berlin a 1931, Montreal a 1932, Stockholm a 1933, Oslo a 1934, Vienna a 1935, sai Paris a 1936. A tsakiya ta ƙara zinaren Olamfik na biyu a Lake Placid ta Amurka a 1932. Fritzi Burger 'yar Ostiriya ta bi ta a baya a Olamfik har sau biyu, duka da azurfa ta koma gida.

Abin da ya bambanta Sonja shi ne yadda ta haɗa wasan. Kafin ita, wasan zaɓi jerin dabaru ne da ake yi ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na tashi a gefe. Ita kuwa ta tsara nata kamar rawa, kowane tsalle da juyi na da gurbinsa a cikin kiɗan. Ta kuma sauya shigar 'yan wasa. Manyan mata a lokacin dogayen siket masu nauyi suke sawa da baƙin takalmi. Da yake ita yarinya ce lokacin da ta fara, an bar ta da gajeren siket, wanda ya ba ta damar tsalle da juyin da dogon ke hanawa. Daga baya ta koma sa farin takalmi. Sauran mata suka bi sahu, har yau kuma farin takalmi suke sawa.

Farin jininta ya kai ga sai an kira 'yan sanda su tare cunkoson masu son ganinta a birane irin su Prague da New York. A nan ne kuma wata matsalar ta ɓullo. Dokar wancan zamani ta hana ɗan wasan Olamfik karɓar kuɗi a kan wasa. Amma sanannen abu ne a tsakanin masu harkar cewa Wilhelm Henie kan nemi maƙudan kuɗi da sunan kuɗin hidima kafin 'yarsa ta fito nuna gwaninta. An yi ta gunaguni, sai dai ba a taɓa hana ta gasa ba.

Gasar 1936

Gasar Olamfik ta hunturu ta 1936 a Jamus aka yi ta, a Garmisch-Partenkirchen, ƙarƙashin mulkin Adolf Hitler. Sonja ta saba wasa a Jamus, tana da masoya da yawa a can, har da shi Hitler ɗin. Gab da gasar, a wani wasa a Berlin, ta ɗaga masa hannu irin gaisuwar 'yan Nazi. Jaridun Norway suka yi mata ca.

A filin gasa ma ba ta samu sauƙi ba. Tana da shekara 23, ga kuma wata 'yar Ingila mai shekara 15, Cecilia Colledge, wadda ita ma ta fara zuwa Olamfik tana da shekara 11. Colledge ce macen farko da ta yi tsalle mai juyi biyu a gasa, ita ce kuma ta ƙirƙiro juyin da ake kira na raƙumi, inda 'yar wasa ke wulwulawa a ƙafa ɗaya ta miƙe ɗayar a baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: da aka fara zanen dole, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ƙanƙanta, har aka ruwaito cewa Sonja ta fizge takardar sakamako daga bango ta yayyaga saboda fushi.

A wasan zaɓi, Colledge ta fito ta biyu cikin mata 26, tun filin bai gama cika ba, Sonja kuwa ita ce ta ƙarshe. Alƙalai kan riƙe manyan maki sai can gaba, saboda haka mutane da dama suka ga an yi wa yarinyar rashin adalci a jerin fitowa. Sonja ta yi wasanta ba tare da babban kuskure ba, ta ci zinare na uku. Colledge ta samu azurfa, Vivi-Anne Hultén ta Suwidin ta samu tagulla.

Bayan gasar Sonja ta amsa gayyatar cin abinci a gidan hutun Hitler da ke Berchtesgaden, inda ya ba ta hotonsa mai ɗauke da sa hannunsa. Wannan hoto zai sake fitowa a labarinta bayan shekara huɗu.

Daga gasa zuwa Hollywood

Sonja ta ga alamar ƙananan yara sun kusa cim mata. Da ta ci kambun duniya na 10 a Paris, sai ta bar gasa ta tafi Amurka. Mahaifinta ya kama hayar filin ƙanƙara a Los Angeles, aka shirya wasa aka gayyato manyan masu shirya fina-finai. Dabarar ta yi aiki: Darryl Zanuck na kamfanin 20th Century Fox ya ƙulla yarjejeniya da ita.

Fim ɗinta na farko a can, One in a Million, ya fito a ƙarshen 1936 ya kuma samu kasuwa. Wasu suka biyo baya, irin su Thin Ice a 1937 da Sun Valley Serenade a 1941. Cikin 'yan shekaru ta shiga sahun 'yan fim da suka fi samun kuɗi a Amurka. Ta kuma haɗa gwiwa da ɗan kasuwar Chicago, Arthur Wirtz, suna zagaya birane da babban wasan ƙanƙara mai suna Hollywood Ice Revue. Aka riƙa sayar da 'yar tsana da takalma masu sunanta, yara mata suka yi ta tururuwa zuwa filayen ƙanƙara. Mahaifinta ya rasu a 1937, ita kuma ta ci gaba da ciniki da kanta, aka san ta da tsauri a kan kuɗi. A 1938 ƙasarta ta ba ta lambar girmamawa ta St. Olav tana da shekara 25.

Lokacin da gida ya kama da wuta

Ranar 9 ga Afrilu, 1940, sojojin Jamus suka mamaye Norway. Sarki Haakon na Bakwai da gwamnatinsa suka yi hijira zuwa Landan. An ƙwace gidajen mutane da dama, amma ba a taɓa gidan su Henie da ke Landøya kusa da Oslo ba. Abin da aka ruwaito shi ne sojojin da suka shiga gidan sun tarar da hoton nan na Hitler a kan fiyano, suka fita.

A daidai lokacin, 'yan Norway da suka tsere suna tara kuɗi domin horas da matuƙan jiragen yaƙi a wani sansani da ke Toronto a Kanada, wanda ake kira Ƙaramar Norway. Sun sa rai ga 'yar ƙasarsu da ta fi kowa suna da dukiya a Amurka. An ruwaito cewa ta ƙi ba da gudummawa, bisa hujjar cewa Amurka ba ta shiga yaƙin ba. A 1940 ta auri attajirin Amurka Dan Topping, a 1941 ta zama 'yar ƙasar. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941, Amurka ta shiga yaƙi, Sonja ta riƙa yi wa sojojin Amurka wasa tana taimaka wa ayyukan tallafa musu.

Ga 'yan Norway da yawa, taimakon ya zo a makare. Mutanen da suka yi shekara biyar cur ƙarƙashin mamaya ba su manta da wanda ya tuna da su da wanda ya kau da kai ba. Masu kare ta na cewa ba 'yar siyasa ba ce, kasuwa da suna kawai ta sani. Masu suka na cewa wanda Allah ya ɗaukaka da sunan ƙasarsa ba shi da uzurin yin shiru ranar da ƙasar ta buƙace shi.

Komawa gida

Bayan yaƙi kasuwar fina-finanta ta ja baya. Aurenta na farko ya mutu a 1946, ta auri Winthrop Gardiner a 1949. Ta rabu da Wirtz ta fara shirya nata wasan, amma ba ta ji da daɗi ba, domin manyan filaye na hannunsa. A 1952 wurin zaman 'yan kallo ya rufta a wani wasanta a Baltimore, mutane da yawa suka jikkata, aka yi ta shari'a.

A 1953 ta bi ayarin Holiday on Ice zuwa Turai, har Oslo. Tana fargabar irin tarbar da za a yi mata, sai ga shi jama'a sun cika fili, iyalan gidan sarauta ma sun halarta. Ta sake zuwa a 1955. Rangadin da ta yi a Kudancin Amurka a 1956 kuwa ya zo da asara, ga shaye-shaye ya fara cin ƙarfinta. A shekarar ta daina wasa.

A 1956 ɗin ne ta auri Niels Onstad, attajirin jiragen ruwa ɗan Norway mai sha'awar zane-zane. Tare suka tara ayyukan manyan masu zane na zamani irin su Picasso da Matisse. Suka gina cibiyar adana su a Høvikodden kusa da Oslo, suka ba ƙasa kyauta, aka buɗe ta a 1968. Kofunan da lambobin da ta ci ma suna can.

An gano tana da sankarar jini. Ranar 12 ga Oktoba, 1969, ta rasu a cikin jirgin sama da ya ɗauko ta daga Paris zuwa Oslo, tana da shekara 57. Ba ta haihu ba. An binne ta a kan tudun da ke kallon cibiyar, daga baya aka binne mijinta a gefenta.

A 1985 aka fitar da littafin tarihinta da yayanta Leif da marubuci Raymond Strait suka rubuta, wanda ya bayyana ta a matsayin mace mai zafin rai da son kuɗi, abin da ya sake tayar da muhawara a kanta. A Oslo kuwa mutum-mutuminta na tsaye a bakin filin Frogner, inda ta yi atisaye tana yarinya, kuma har gobe yara na zuwa can da fararen takalmansu idan hunturu ya shigo.